Yadda ake horar da hancin da ya daina jin ƙamshi

Duk wanda mura ko korona ta ɗauke wa jin ƙamshi, abu na farko da nake so ya riƙe shi ne jijiyoyin hanci suna sake tsirowa. Yawancin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka idan suka mutu shi ke nan, ba a mayar da gurbinsu. Na ƙamshi kuwa Allah Ya yi su daban, tsofaffi na mutuwa sababbi na fitowa, tun daga ƙuruciya har tsufa. Abin da ya rage wa mai hanci shi ne ya buɗe wa sababbin hanya, kada ya ƙone su da gwaje-gwajen magani, sannan ya ba su aikin yi safe da dare na tsawon watanni.

Ni malamar bayoloji ce a wata sakandare a nan Agege da ke Legas. Abin da ya sa na nutsa cikin karatun wannan fanni shi ne Yayata, wadda haɗa humra da turaren wuta ne sana'arta, hancinta kuma shi ne jarinta. A 2021 ta yi zazzaɓi da mura, ta warke, amma ƙamshi ya ƙi dawowa. Ranar da muka bi ta Ojota a danfo kowa ya toshe hanci saboda jujin Olusosun, ita tana zaune ko gezau, a ranar na tabbatar abin ya wuce toshewar mura. Hanyar da muka bi da ita zan bayyana, amma sai na fara da dalilin, domin wanda bai san abin da ke faruwa a cikin hancinsa ba, mako biyu zai yi ya ajiye kwalaben.

Abin da ke can saman hanci

Wurin jin ƙamshi yana can ƙuryar sama, daidai tsakanin idanu, wani ɗan fili ne da majina ta lulluɓe. A cikinsa akwai miliyoyin ƙwayoyin jijiya. Kowace ta miƙo 'yan gasu cikin majinar tana kama ƙamshin da iska ta kawo, ta ɗaya ɓangaren kuma ta tura dogon zare sama. Zaren yana ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji, ƙashin rariya, ya shiga wani ɗan curi da ke kwance ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa. Curin ƙamshi zan riƙa kiransa. Guda biyu ne, na dama da na hagu.

A 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano makarɓan da waɗannan jijiyoyi ke kama ƙamshi da su, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da kimanin iri 400. Kowace jijiya makarɓi iri ɗaya tak take ɗauke da shi, kuma jijiyoyi masu makarɓi iri ɗaya, duk inda suke a warwatse, a matattararsu ta musamman zarurrukansu ke haɗuwa cikin curin. Kanumfari yana tayar da wasu matattaru, daddawa ta tayar da wasu, ƙwaƙwalwa kuma jerin waɗanda suka tashi take karantawa ta ce wannan kaza ne. A riƙe wannan, zai yi amfani idan muka zo kan abincin da ya koma wari.

Jijiyoyin nan iskar waje suke fuskanta kai tsaye, da hayaƙin danfo, da na janareta, da ƙura, da ƙwayoyin cuta, don haka ba sa daɗewa. A ɓerayen gwaji da yawansu wata ɗaya zuwa biyu suke yi, wasu su ɗara haka. Pasquale Graziadei da abokiyar aikinsa Monti Graziadei ne suka nuna a shekarun 1970 cewa ana mayar da gurbinsu. A gindin filin akwai ƙwayoyin iri kala biyu. Wasu kullum cikin rabuwa suke suna haifar da sababbin jijiyoyi. Wasu a kwance suke shiru, ba sa motsawa sai an yi babbar ɓarna, sai su tashi su sake gina filin. Korona ta fi kama ƙwayoyin tallafi da ke kewaye da jijiyoyin, shi ya sa yawancin mutane cikin 'yan makonni ƙamshinsu ya dawo. Inda kumburi ya daɗe har ya cinye jijiyoyin kuwa, dole a jira sababbi.

Haihuwar sabuwar jijiya kaɗai ba ta isa ta raya ta ba. Wadda ta fahimtar da duniya wannan ita ce Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, wadda dokokin gwamnatin Mussolini suka hana ta aiki a jami'a saboda Bayahudiya ce. Ta mayar da ɗakin kwananta a Turin wurin gwaji, tana nazarin 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai. Kafin ita an lura cewa idan aka cire tohon fiffike ko na ƙafa, jijiyoyin da ya kamata su je wannan gaɓa sukan ragu. Ita ta nuna cewa lafiya lau suke fitowa, daga baya ne suke mutuwa don sun rasa inda za su sauka. Ke nan gaɓar tana ba su wani abu da ke riƙe ransu. A shekarun 1950, a birnin St. Louis na Amurka, ita da Stanley Cohen suka tace na farko cikin irin waɗannan abubuwa, suka same shi jingim a dafin maciji da kuma a maɓuɓɓugar miyau ta ɓera namiji. Furotin ne, ana kiransa NGF, sinadarin rainon jijiya, kuma saboda shi aka ba su Nobel a 1986. Daga baya aka gano 'yan uwansa: BDNF a 1982 daga ƙwaƙwalwar alade, sai NT-3 da NT-4.

Kowanne da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa a jikin jijiya. NGF tasa TrkA, BDNF tasa TrkB, NT-3 kuma TrkC. Binciken da Jane Roskams da Gabriele Ronnett suka buga a 1996 kan ɓeraye ya nuna cewa a hancin da ke sake ginuwa ƙofofin nan bi da bi suke bayyana: TrkA a ƙwayoyin gindi, TrkB idan jijiya ta fara miƙewa, TrkC idan ta nuna. Wato abin da take saurare yana canzawa da girmanta. Akwai kuma wasu sinadaran daban, FGF2 yana zuga ƙwayoyin iri su yi ta rabuwa, GDF11 yana taka musu burki idan jijiyoyi sun wadata.

Idan ina koyar da wannan a aji, misalin da ɗalibaina suka fi saurin kamawa shi ne na ɗan ci-rani da ya sauko daga tirela a kasuwar Mile 12. Yana neman wanda zai raka shi, yana neman mai masauki, yana neman aiki, kuma idan ya rasa ɗaya cikin ukun zamansa ba zai ɗore ba. Masu rakiyar sabuwar jijiya wasu ƙwayoyi ne da ke naɗe zarenta tun daga hanci har cikin curi, suna fitar da NGF da BDNF a hanya. Mai masauki shi ne curin. Idan aka cire shi daga ɓera, ƙwayoyin iri suna ci gaba da haihuwa, har su ƙara sauri, amma sababbin jijiyoyin kimanin mako biyu suke yi su mutu. Aikin kuwa shi ne ƙamshi. Idan aka toshe ƙofar hanci ɗaya ta jinjirin ɓera, curin wannan ɓangare yakan tsumbure. Idan kuma aka haɗa jijiyoyi masu amsa ƙamshi da waɗanda ba sa amsawa a hanci ɗaya, sannu a hankali marasa aikin ne suke ɓacewa.

Masu rakiyar nan sun daɗe suna burge ni. Da su ne likitoci a Folan, tare da Geoffrey Raisman na Landan, suka yi wa Darek Fidyka dashe a lakarsa da aka yanke da wuƙa, aka sanar a 2014 cewa ya fara takawa da abin dogarawa.

A 2009 Thomas Hummel da abokan aikinsa a birnin Dresden na Jamus suka gwada ba hancin mutane aiki da gangan. Sun sa masu wannan larura sunsunar ƙamshi huɗu, wardi da kanumfari da lemo da ganyen bishiyar turare, safe da yamma har mako 12. Waɗanda suka yi sun fi samun ci gaba a kan waɗanda ba su yi ba. An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, yau kuma shi ne abin da likitocin hanci ke fara ba da shawara a kai bayan irin wannan mura.

Kafin a fara

A fara tantance abin da ya tafi. Mutane da yawa cewa suke "bakina ba ya jin ɗanɗano", alhali harshen lafiyarsa ƙalau. A ɗora ɗan gishiri a harshe, sannan sukari, sannan ruwan lemun tsami, sannan ganyen shuwaka. Idan an bambance huɗun, harshe na aiki, hanci ne ya tafi, domin daɗin miya galibi ta bayan maƙogwaro yake hawa hanci yayin tauna. Kada kuma yajin barkono ko sanyin Robb da Aboniki su ruɗe ku. Wata jijiya ce daban ke jin waɗannan, wadda ke kula da zafi da sanyi a fuska. Yaya ta yi murna ranar da Aboniki ya sa ta hawaye, sai da na zaunar da ita na yi mata wannan bayani.

Sai a duba ko iska na isa sama. Wanda hancinsa ke toshe kullum, ko ƙamshi ke zuwa masa yau gobe ya ɗauke, ko yake yawan atishawa da majina, mai yiwuwa kumburi ne ko tsiron nama ya tare hanya. A ɗakunanmu na Legas da bango ke yin fumfuna da damina wannan ba baƙon abu ba ne. Irin wannan likita zai fara gani, don ƙamshin da bai isa filin ba babu jijiyar da zai horar.

Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa. A tafasa ruwa kimanin rabin lita, a bari ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya da bakin soda ƙaramin cokali ɗaya. A sunkuya a kan baho, a tura ruwan sannu ta ƙofar hanci ɗaya da sirinji marar allura, a bari ya fito, a koma ɗayar. Tafasawar nan dole ce, ko na bohol ne ko na 'yan garuwa, saboda akwai wata ƙwayar cuta ta ruwa da kan bi hujin ƙashin rariya ta kai ƙwaƙwalwa. Da wuya a gamu da ita, amma tana kisa. Kullum a haɗa sabo.

Haɗa kwalabe

A nemi ƙananan kwalabe huɗu masu faɗin baki da murfi mai kamawa sosai. Masu duhun gilashi sun fi, don haske na kashe ƙamshi. A wanke su har sai mai lafiyayyen hanci ya ce babu saura. A sa ɗan auduga a gindin kowace, a ɗiga man ƙamshin kamar ɗigo huɗu ko biyar, a rufe, a rubuta suna a jiki. Man kanumfari da na bishiyar turare, wato yukaliftos, ana samu a manyan kemis. Man wardi masu turare suna da shi. Na lemo in bai samu ba, ɓawon lemun tsami da aka kankare da farce a lokacin ya wadatar, har na fi son sa don kullum sabo ne. Kanumfari ma ana iya daka shi a zuba garinsa.

Ba dole sai waɗannan huɗun ba. An zaɓe su ne don kowanne ya tsaya a madadin wani gida na ƙamshi: na fure, na kayan yaji, na 'ya'yan itace, da na ƙaro. Wanda bai taɓa sanin wardi ba, gara ya sa abin da ƙwaƙwalwarsa ta sani tun yana yaro. Citta, kirfa, kimba, na'a-na'a, daddoya, garin kofi, duk suna nan a Mile 12 da kasuwar Agege a kan kuɗi kaɗan. Abin kiyayewa kawai su bambanta da juna sosai, kuma su yi ƙarfi. Yaya ta ƙara kwalba ta biyar da humrar da ta fi shekaru tana haɗawa da hannunta, ban hana ta ba, domin babu ƙamshin da ta sani kamar wannan.

Akwai abin da mutane ke mantawa. Mai larurar ba zai san ranar da kwalbarsa ta sane ba. A ɗora wa wani a gida alhakin sunsunawa duk mako. Garin yaji da ɗanyen ganye a sauya su da zarar ya ce sun yi sanyi, na mai kuma a sabunta audugar duk bayan wata biyu zuwa uku. A ajiye su nesa da taga da hannun yara, domin man yukaliftos guba ne ga yaro idan ya sha.

Yadda ake sunsunawa

Sau biyu a rana. Mu bayan sallar Asuba da bayan Isha muka ɗaura shi, don abin da aka jingina da salla ba ya ɓata. Asuba ta fi kowane lokaci kyau a unguwanninmu, kafin maƙwabta su ɗora tukunya, kafin hayaƙin titi ya tashi. A kashe fanka, a nisanci turaren wuta da maganin sauro, a ajiye waya.

A buɗe kwalba ɗaya, a riƙe ta ƙasan hanci da tazarar yatsa biyu, kada man ya taɓa fata. A yi gajerun sunsuna a jere, sannu, na kimanin daƙiƙa 20. Zuƙar ƙarfi ba ta da amfani, ƙirji take kai iska, gajerun kuwa su ne ke karkaɗa ta zuwa ƙuryar sama. A rufe, a yi numfashi na yau da kullum kamar rabin minti, sannan a ɗauki ta gaba. Duka-duka bai kai minti biyar ba.

Nan ne nake so a nutsu. Yayin sunsunawa a karanta sunan da ke jikin kwalbar, a kawo ƙamshin a rai, a tuna inda aka san shi. Idan kanumfari ne, a tuna kunun zaƙin gida ko shayin mai shayi na bakin masallaci. Idan lemo ne, a tuna yadda yake fesowa a ido idan ana ɓarewa. Dalili shi ne gyaran bai tsaya a hanci ba. Sababbin zarurruka suna isa curi da saƙon da bai cika ba, ƙwaƙwalwa kuma sai ta sake koyon cewa wannan ɗan saƙo mai rauni kanumfari yake nufi. Wanda ke sunsunawa yana kallon waya rabin aikin ya yi.

Makonnin farko yawanci babu abin da za a ji, iska kawai. A ci gaba. Jijiya tana buƙatar lokaci ta fito, ta miƙa zarenta, ta ratsa ƙashi, ta nemo matattararta, kuma ba a rana ɗaya duka suke isa ba. A ware ɗan littafi, duk Juma'a a ba kowace kwalba maki: 0 idan babu komai, 1 idan an ji akwai wani abu amma ba a gane shi ba, 2 idan an gane amma da rauni ko a karkace, 3 idan ya yi daidai. Ƙarshen wata a rufe ido wani ya miƙo kwalaben a hargitse a faɗi sunansu. Ci gaban yana da sanyi ƙwarai, mai shi ba ya ganinsa sai a takarda.

Mako 12 shi ne mafi ƙaranci. Bayan nan a sauya huɗun da wasu sababbi, a sake mako 12, a kuma sauyawa. Wani bincike da aka yi a Turkiyya a 2015 ya nuna masu sauyawa haka sun fi masu maimaita huɗun farko samun sakamako, kuma hankali ya kama, tunda kowane ƙamshi makarɓa daban yake tayarwa. Da azumi a mayar da shi kafin sahur da bayan buɗa-baki, an huta da shakka.

Idan abinci ya koma wari

Bayan wasu watanni Yaya ta kira ni da daddare muryarta na rawa. Ta ce, "Malama, gara jiya da yau. Albasa na soyawa a gidan nan, ni kuwa taya nake ji tana ƙonewa." Tsire, ƙwai, kofi, har man goge baki, duk suka koma mata wari ɗaya mai tayar da zuciya. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki riƙe kwalabenki, hancin ne ya fara magana."

Wannan karkacewar ƙamshi sananniya ce, kuma sau da yawa a lokacin farfaɗowa take zuwa. Ku tuna ƙwaƙwalwa jerin matattaru take karantawa. Idan soyayyar albasa ta saba tayar da matattaru da yawa, yanzu kuma kaɗan ne sababbin jijiyoyi suka isa, wasu ma sun sauka inda ba nasu ba, abin da za ta karanto ba albasa ba ne. Abubuwan da aka soya ko aka gasa su suka fi tayar da shi. Kada a daina horon a wannan gaɓa. Kwalbar da ta zama ba a iya jurewa a musanya ta da wata.

Ta fannin ci kuwa, abinci mai sanyi ko wanda ya huce ya fi sauƙi don tururinsa kaɗan ne. Dafaffe ya fi soyayye. Fura da nono, kunu, farar shinkafa, dafaffen wake, dankali, burodin Agege, waɗannan suka riƙe Yaya. A lura kada a bar abinci mai gina jiki gaba ɗaya don an guji nama, a nemi madadinsa a wake da nono da gyaɗa. Wani ya karɓi suya na ɗan lokaci, a buɗe taga. Ina kuma roƙon mutanen gida, musamman miji da uwar miji, kada a ce tsirfa ce ko raini. Matar da ta ture kwanon da ta dafa da hannunta tana cikin wahalar da ba a gani. Wasu har ramewa suke yi su shiga ƙunci, idan an ga haka a kai su asibiti.

Yau Yaya ta koma sana'arta. Sandal da hawi tana jin su daidai, wasu turarukan har yanzu suna zo mata a karkace, don haka 'yarta ke sunsuna haɗin ƙarshe kafin a ɗura. Haka abin yake ga mutane da yawa: wasu ya dawo duka, wasu rabi, wasu kaɗan. Masu ƙuruciya da waɗanda suka fara da wuri sun fi dacewa, amma ana samun ci gaba ko bayan shekara ta wuce, don haka wanda ya daɗe ma ya fara.

Tsaron gida kafin hanci ya dawo

Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don a ji idan yana zuba. Wanda ba ya jin wari ya rasa wannan mai gadi. A riƙa rufe kan silinda da zarar an gama girki, a shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗa lokaci-lokaci a ga ko zai yi kumfa, kuma wanda ke da hali ya sayi na'urar da ke ƙara idan gas na zuba. Kada a bar tukunya a wuta a shiga ɗaki, ƙauri ba zai kira ku ba. Janareta a waje, nesa da taga, wannan kam har ga mai lafiyayyen hanci, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ko kaɗan.

Da yadda wuta ke ɗaukewa firji ya saki, miya na iya lalacewa ba a sani ba. A rubuta ranar dahuwa a jikin roba, a ba wani ya sunsuna kafin a ɗumama, in babu kowa kuma ana shakka a zubar. Turare a ƙayyade fesawa biyu ko uku a tsaya. Mai jego ta riƙa duba ƙunzugun jariri da ido a kan lokaci.

Abin da bai kamata ya shiga hanci ba

Shawarwari sun zo wa Yaya daga ko'ina, kuma duk da kyakkyawar niyya: a cusa tafarnuwa, a ɗiga man kaza, a shaƙi garin kaza, a duƙa kan hayaƙi. Duk abin da ke ƙona hanci yana iya ƙona ƙwayoyin irin da muke jira su haihu. A ɗakin gwaji, idan ana so a kashe wa ɓera jin ƙamshi, ruwan sinadarin zinki ake zuba masa a hanci. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wani maganin mura mai zinki da ake shafawa a hanci, bayan mutane da dama sun rasa jin ƙamshi. Feshin buɗe hanci na kemis idan ya wuce 'yan kwanaki toshewar yake ƙarawa. Ƙwayoyin kashe kumburi irin su firednisolon ba a shan su sai da umarnin likita, suna tayar da sukari da hawan jini. Taba da shisha da garin shaƙa kuwa, wannan ne lokacin rabuwa da su.

Za ku ga masu talla a intanet suna sayar da abin da suke kira maganin tsiro da jijiya. NGF da hukumomi suka amince da shi a Turai a 2017 da Amurka a 2018 ɗigon ido ne, na wani ciwo da ke cin fuskar ƙwayar ido, babu wanda aka amince a zuba a hanci don dawo da ƙamshi. Sinadaran nan aikinsu na daidai wuri ne da daidai lokaci, kuma hancinku yana haɗa nasa. A jami'ar Stanford an gwada allurar wani ɓangare na jinin mutum mai ɗauke da sinadaran raino a saman hanci, an ga alamar amfani a mutane kaɗan, amma wannan aikin ƙwararru ne da na'urar leƙa hanci.

Lokacin ganin likita

Idan mako huɗu zuwa shida sun wuce bayan mura ƙamshi bai motsa ba, a fara horon, a kuma nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashensu a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, asibitin gwamnati na kusa kuma zai iya ba da takardar turawa. Kada a jira ko kwana ɗaya idan ɓangare guda ne kawai ya toshe, ko jini na fita, ko ga ciwon kai mai tsanani, ko gani ya canza.

'Yan uwanmu masu acaɓa da masu dako, ku saurara. Buguwar kai, ko ta ƙeya ce, tana iya girgiza ƙwaƙwalwa ta tsinke zarurrukan nan daidai inda suka ratsa ƙashin rariya, tabon da ya biyo baya kuma ya tare wa sababbi hanya. Irin wannan ya fi na mura wuyar dawowa, duk da haka ana gwada horon bayan likita ya duba. Idan bayan faɗuwa ruwa garai-garai na ɗiga daga ƙofar hanci ɗaya, kada a wanke hancin, kada a fyace, a tafi asibiti nan take, yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa. Dattijon da ƙamshi ke janye masa a hankali ba tare da mura ba, musamman in ga rawar hannu ko yawan mantuwa, shi ma a kai shi, don raunin hanci kan riga cutar Parkinson bayyana da shekaru.

Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin maki, da duk magungunan da ake sha ko ake fesawa a cikin kwalayensu, a kuma rubuta watan da abin ya fara da abin da ya gabace shi, mura ce, faɗuwa ce, ko wani magani.